Yadda Ake Gano Hanyar da Cutar Dabba Ke Bi Ta Iso ga Mutum, da Yadda Ake Toshe Ta

A ƙarshen shekarar 1998 masu kiwon aladu a Malesiya suka fara kwanciya da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai. Wasu sai su rikice, kafin a ankara sun shiga dogon suma. Hukuma ta zaci wata cutar ƙwaƙwalwa ce da sauro ke yaɗawa, aka duƙufa feshi da allura, mutuwa kuwa ba ta fasa ba. Sai a watan Maris na 1999 aka gano cewa sabuwar ƙwayar cuta ce, aka raɗa mata suna Nipah. Mutum 265 ta kwantar, 105 suka rasu, aka kashe aladu sama da miliyan 1 kafin ta lafa.

Da masana suka bi sawu, sawun ya kai su gindin mangwaro. Manyan gonakin aladu sun matsa har bakin daji, masu su kuma sun dasa itatuwan marmari dab da garke don ƙarin samu. Da dare manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace sukan sauka a reshen da ya rufo kan garke, su gutsura, su tsotse ruwan, su saki sauran da yawunsu a jiki. Ya faɗo ƙasa, alade ya lamushe. Aladu dubbai ne a cunkushe, wannan na tari a fuskar wancan, ana kuma sayar da su daga gona zuwa gona. Mai wanke garke da mai zuba musu abinci su ne na ƙarshe a layi. Jemagun nan sun daɗe da ƙwayar a jikinsu, ba ta yi musu komai. Abin da ya sauya shi ne inda mutum ya kafa garke da inda ya dasa bishiya.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kimanin kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan Adam daga dabbobi suke, a cikin sababbin da ke ɓullowa kuwa kusan uku cikin huɗu. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa an sare daji hekta miliyan 420 daga 1990 zuwa 2020. Amma lissafin duniya ba ya gaya maka inda tsagar take a naka bangon. Kafin cuta ta taso daga dabba ta kama mutum sai an samu dabbar da ke ɗauke da ita, da abin da ya tayar da dabbar daga mazauninta, da wani abu da ya shiga tsakani ya miƙo cutar, sannan taɓawar ƙarshe. Duk waɗannan ana ganinsu da ido. Wanda ya iya ganinsu zai iya katse ɗaya daga ciki, kuma ɗayan ya wadatar.

Mataki na farko: tambayi abin da ya sauya a ƙasa

Kada ka fara da sunayen cututtuka. Fara da ƙasar da kake kai. Ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ya sauya a kewayenka cikin shekara biyu zuwa biyar: dajin da aka sare, sabuwar hanya da ta ratsa kurmi, madatsar ruwa ko gonar ban-ruwa, ramin haƙar ma'adinai, unguwar da ta ci gona, juji da ya girma, gonar da aka bari ta koma saura. Idan ba ka daɗe a wurin ba, tambayi dattawa da mafarauta da makiyaya. Su ne suka san inda ruwa ke kwanciya a da, da dabbar da ake gani a da yanzu babu.

Kowane irin sauyi da irin haɗarinsa. Sare daji yana ƙara tsawon bakin daji, wato iyakar da gona da gida ke haɗuwa da kurmi, kuma a wannan bakin ne ake yawan gamuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya duba wuraren da Ebola ta ɓulla a Afirka ta Tsakiya da ta Yamma, ya ga cewa ɓullar tana da alaƙa da dajin da aka sare cikin shekara biyu kafin nan. A jihar Sabah ta Malesiya, inda aka mai da dazuzzuka gonakin kwakwar manja, birai suka matso kusa da ƙauyuka, sauro ya riƙa cizon biri ya ciji mutum. Yau zazzaɓin cizon sauro irin na birai shi ya fi kowane iri kama mutane a ƙasar.

Ruwa ma haka. An kammala madatsar Diama a Kogin Senegal a 1986. Ruwa ya kwanta inda a da yake wucewa, sauro ya samu gida, dabbobi suka taru a bakin ruwa. A 1987 zazzaɓin Rift Valley, cutar da sauro ke yaɗawa mai kama dabbobi da mutane, ya ɓarke a kudancin Muritaniya. Ramin haƙa kuwa yana shigar da mutum ɗakin jemage kai tsaye: yawancin waɗanda Marburg, cuta mai kama da Ebola, ta fara kamawa a Durba ta Kwango tsakanin 1998 da 2000 mahaƙan zinare ne da ke aiki a ƙarƙashin ƙasa.

Ko barin gona sauyi ne. A 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gonakin yankin Kirimiya sun cika da ciyawa saboda ba mai noma, zomaye suka yi yawa, kaska ta yi yawa tare da su. Sojojin da aka kawo aikin girbi suka kamu da zazzaɓi mai sa zubar jini, wanda yau ake kira zazzaɓin Kirimiya da Kwango. Don haka wanda ya koma gonar da rikici ya sa aka bari shekaru, shi ma ya sa kansa a lissafi.

Mataki na biyu: duba wa ya tafi, wa ya ƙaru

Idan aka tayar da daji, dabbobi ba sa ɓacewa gaba ɗaya. Manya masu farauta su ke fara tafiya: shaho, mujiya, yanyawa, manyan macizai. Waɗanda ke zama su ne masu saurin haihuwa da ba su da zaɓin abinci, irin ɓeraye da wasu jemagu da wasu ƙananan tsuntsaye. Wani babban nazari da ya fito a 2020, wanda ya haɗa bayanai daga dubban wurare a nahiyoyi shida, ya nuna cewa dabbobin da ke ɗauke da cututtukan da ke kama mutum sun fi yawa a gonaki da garuruwa fiye da a dajin da ba a taɓa ba. Ke nan ɓarnar muhalli tace dabbobi take yi, ta bar mana waɗanda suka fi haɗari.

Ƙasar Indiya ta ga wannan da ungulu. A shekarun 1990 aka riƙa ba shanu wani maganin ciwo mai suna diclofenac. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka ba maganin sai ƙodarta ta lalace. Cikin shekaru kaɗan fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulu suka ƙare. Mushen da a da ake cinyewa cikin ɗan lokaci ya zauna yana ruɓewa, karnukan titi suka samu abinci suka ƙaru, a ƙasar da ta fi kowace fama da ciwon haukan kare. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Ungulu ba ta da farin jini a ko'ina, amma ina ganin babu ma'aikacin tsafta da ya kai ta, kuma duk wanda ya sa guba a mushe don ya kashe kura ko kare, ya sani ita yake fara kashewa.

Akwai kuma dabbar da ba ta ƙaru ba, yunwa ce ta sauya mata hali. A gabashin Ostareliya jemagu a da yawo suke yi, suna bin furen itatuwan turare daga daji zuwa daji. Da aka sare dazuzzukan da ke fure lokacin sanyi, sai suka rarrabu ƙananan ƙungiyoyi, suka zauna a gonaki da bayan gari suna cin abin da suka samu. A nan suke fitsari a kan ciyawar da doki ke kiwo. Daga doki ƙwayar Hendra, wadda aka fara gani a 1994 kusa da birnin Brisbane, ke kama mutum. Cikin mutum 7 da ta kama 4 sun rasu. Masana da suka tattara bayanan shekara 25 sun ga cewa cutar ta fi tsallakowa bayan shekarar da jemagu suka sha yunwa.

To, kai abin da za ka lura da shi: shin ɓeraye sun fara yawo da rana? Jemagu sun sauka a bishiyar da a da ba sa sauka, ko sun shiga rufin makaranta ko ɗakin ajiya? Birai sun fara shiga gona? Karnukan da ba su da mai su sun ƙaru? Kaska ta yi yawa a jikin dabbobi fiye da yadda aka saba? Rubuta abin da ka gani da watan da ka gan shi.

Mataki na uku: nemo abin da ke shiga tsakani, ka raba

Da wuya mutum ya rungumi jemage. Kusan kullum akwai ɗan aike: dabbar gida, ɗan itace, ruwan sha, madara, sauro, kaska. A nan aiki ya fi sauƙi, ya fi arha.

Dubi Bangaladash, inda Nipah ke dawowa kusan kowace shekara tun 2001 ba tare da alade ba. Can ana fere jikin bishiyar dabino, a rataya tukunya, ruwa mai zaƙi ya yi ta ɗiga cikin dare, da asuba a sauke a sha ɗanye. Kyamarorin da masu bincike suka ɗaura a bishiyoyi sun nuna jemagu na zuwa suna lasar wurin da aka fere, wani lokaci su yi fitsari ya gangara cikin tukunya. Maganin da aka gwada shi ne wani saƙi na tsagin gora da ake ɗaurawa ya rufe wurin ferewar da bakin tukunya. Jemage ya zo, ya rasa wurin sa harshe, ya wuce. Wanda kuma ya tafasa ruwan kafin ya sha ya kashe ƙwayar.

Irin wannan tunani za ka kai gidanka da gonarka. Kada garke ko barga ko akurki su kasance ƙarƙashin bishiyar da ke 'ya'ya ko fure. In ba halin matsar da su, a sare rassan da suka rufo, ko a yi rufi. Kwanon ruwa da na abincin dabbobi su kasance a ƙarƙashin rumfa. Ɗan itacen da aka tsinta a ƙasa da shaidar haƙori a jiki, kada a ci, kada a ba dabba, kuma a gaya wa yara dalili, domin su ne masu tsinta. Rijiya da randa da tankin ruwan sama a rufe su.

Kaji da agwagi a raba su da tsuntsayen daji masu sauka bakin ruwa, musamman inda fadamu suka ƙafe har tsuntsayen suka koma shan ruwa a tafkin gona. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta kama mutum 18 a Hong Kong a 1997, 6 suka rasu, kuma a 2024 aka same ta a jikin shanun tatsa a Amurka, har cikin ɗanyar madararsu. Madara, ko ta saniya ko ta akuya ko ta raƙumi, a tafasa ta. Sabuwar dabba da aka sayo a ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran. Kasuwar da ake jibga namun daji masu rai keji kan keji, kashin na sama na zuba kan na ƙasa, ita ce mafi munin mahaɗa: daga irin wannan ciniki aka bi sawun cutar numfashi ta SARS ta 2002 a lardin Guangdong na Sin, wadda ta kama mutum sama da 8,000 ta kashe 774.

Mataki na huɗu: ɓera

Ya cancanci mataki nasa shi kaɗai, domin duk inda aka ƙone daji, ko ruwa ya ci rami, ko aka girbe gona, ɓera gidan mutum yake nufa. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa da ke arewa maso gabashin Nijeriya, daga fitsari da kashin wani ɓera mai yawan nonuwa yake shiga abinci. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ba sa jin jiki sosai, shi ya sa ake raina shi. Sauran kuwa yana taɓa hanta da ƙoda, yana barin wasu da kurumta, kuma mai tsohon ciki da ta kamu da wuya cikin ya tsira. A Amurka akwai ƙwayar cuta mai suna hantavirus da ke shiga huhu daga ƙurar kashin ɓera, tana kashe kusan mutum ɗaya cikin uku da ta kwantar.

Ka hana shi abinci, ka hana shi maɓoya, ka hana shi ƙofa. Hatsi da dafaffen abinci su kwana cikin mazubi mai murfi da haƙori ba ya hudawa. Kada a shanya abinci a ƙasa a bar shi ya kwana a fili. Juji ya yi nisa da ɗaki, ciyawa da tarin itace kada su jingina da bango. Ƙaramin ɓera na iya bi ta ramin da bai fi kaurin fensir ba, don haka a duba ƙasan ƙofa da inda bututu ya shiga bango, a toshe da siminti ko ragar ƙarfe.

Wurin shara ake yawan kuskure, kuma kuskuren masu tsafta ne. Ka buɗe ɗakin da ya daɗe a rufe, ka ga baƙin kashi a kan buhu da lungu, hannunka ya kai ga tsintsiya. Dakata. Shara a bushe tana tayar da ƙurar da ke ɗauke da ƙwayar, ka shaƙa. Buɗe ƙofa da taga, ka fita, iska ta ratsa na minti 30. Ka sa safar hannu ta roba, ka rufe hanci da baki. Haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, ka jiƙa kashin da sheƙar da duk inda fitsari ya bushe har su jiƙe sharkaf, ka bar su minti 5. Sannan ka kwashe da takarda ko tsumma, ka ƙulle a leda, ka goge wurin da sauran ruwan. Mataccen ɓera ma haka: a jiƙa shi, a ɗauka da leda, a binne ko a ƙone. Ka wanke safar kafin ka cire, ka wanke hannu da sabulu bayan ka cire. Abincin da ɓera ya yi wa fitsari zubarwa ake yi. Na san wannan magana ce mai nauyi ga gidan da abincin ke da wuya, shi ya sa murfin mazubi ya fi komai muhimmanci.

Mataki na biyar: san lokacin

Haɗari ba ɗaya yake duk shekara ba. Ruwa mai yawa bayan dogon fari shi ne lokacin da ya fi kowane. A kudu maso yammacin Amurka, bayan shekarun fari, ruwa ya sauka sosai, abinci ya yalwata, ɓerayen daji suka ninka kusan sau goma. A 1993 matasa masu ƙoshin lafiya suka fara mutuwa da ciwon huhu, a nan aka gano ƙwayar hantavirus ta can. Sauron da ke ɗauke da zazzaɓin Rift Valley kuwa ƙwansa na iya kwana shekaru a busasshiyar ƙasa da ƙwayar a ciki, ranar da ruwa ya kwanta su ƙyanƙyashe gaba ɗaya. Haka ta faru a Gabashin Afirka a 1997 zuwa 1998, ta sake a 2006 zuwa 2007. Allurar dabbobi kafin ruwan ake yin ta. In cuta ta riga ta shiga garke, allura ɗaya da aka yi wa dabbobi da yawa ita kanta tana yaɗa ta.

Bayan ambaliya, ruwan da ya kwanta yana gauraye da fitsarin ɓera da na dabbobi, ƙwayar da ke cikinsa tana shiga ta rauni ko ido. Mai dole ya shiga ya sa takalmin roba mai tsawo, ya rufe miki. Zafi ma na tono abin da aka binne: a 2016 zafin da ba a saba ba ya narkar da ƙasar ƙanƙara a yankin Yamal na Rasha, ciwon saifa ya kashe barewar kiwo sama da 2,000 da yaro ɗan shekara 12.

Mataki na shida: dabbar da ta mutu tana ba ka labari

Sau da yawa dabbobi ke fara faɗuwa kafin mutane. Tumaki da awaki su yi ta ɓari a lokaci guda, 'yan raguna na mutuwa: wannan ita ce babbar alamar Rift Valley, kuma yawancin mutanen da ke kamuwa wajen yanka ko taya haihuwa suke ɗauka. Saniya lafiyayya ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci da dubura: a yi zaton ciwon saifa. Kaji su mutu da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Birai su riƙa faɗowa matattu. A Brazil haka ke nuna cewa cutar shawara ta shigo daji, kuma a ɓarkewar 2016 zuwa 2018 wasu suka koma kashe biran, alhali sauro ne mai laifi, biran kuwa su ne masu gargaɗi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Dabbar da ta mutu ba a san dalili ba, ko wadda ake ganin za ta mutu, ba a feɗe ta, ba a ci, ba a sayar, ba a jefa wa kare. A 1996 a ƙauyen Mayibout na Gabon an tsinci mataccen biri a daji aka feɗe aka ci, Ebola ta shiga garin. Mushen da ake zaton ciwon saifa ne kada a buɗe cikinsa ko kaɗan, domin da iska ta taɓa ƙwayar sai ta yi ɓawo, ta zauna a ƙasa shekaru masu yawa. A ƙone shi ƙurmus ko a binne a rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da rijiya. Ɗan da aka yi ɓarinsa da mabiyiya a ɗauke su da safar hannu ko leda, kuma mai ciki kada ta je kusa. Sannan a sanar da likitan dabbobi ko jami'in lafiya a ranar. Makiyayi na ɓoye mutuwar dabba ne saboda tsoron za a kashe sauran ba diyya, kuma tsoronsa na da tushe; hukumar da ke son a gaya mata gaskiya da wuri dole ta biya wanda ya faɗa.

Mataki na bakwai: kada a ce a kashe su duka

Wannan shawara ce da ke fara zuwa bakin kowa, kuma ta sha jawo akasin abin da ake nema. A 2007 Marburg ta kama mahaƙa a ramin Kitaka na Yuganda. Aka toshe ramin, aka kashe dubban jemagun da ke ciki. Bayan 'yan shekaru wasu jemagu suka dawo suka cika shi, da aka gwada su sai aka ga masu ɗauke da ƙwayar sun ninka na da fiye da sau biyu, saboda sababbin ba su da garkuwar da tsofaffin ke da ita. A 2012 cutar ta ɓarke a garin da ke kusa. A Peru an shekara da shekaru ana sa wa jemagu masu shan jini guba don a kare shanu daga ciwon hauka, bincike ya nuna cutar ba ta ragu ba. Dabbar da aka tarwatsa ba mutuwa take yi duka ba, watsuwa take yi, ta kai abin da ke jikinta sabon wuri. Masu kisan kuma su ne ke taɓa jini da hannu.

In jemagu sun shiga rufin gida, a jira su fita da magariba, a toshe ƙofar da suke bi, a lokacin da ba su da 'ya'ya a ciki. Karnuka kuwa allura ce maganinsu: in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki riga-kafi, ciwon hauka na katsewa. Tarkon ɓera a cikin gida daidai ne, amma in ba a rufe abinci an toshe rami ba, na waje za su maye gurbi cikin makonni.

Mataki na takwas: in an riga an taɓa

Cizo ko yakushin kare, kyanwa, jemage ko biri: a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cif, a tafi asibiti a ranar don allura, ko da raunin bai kai a kula ba. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, da yawansu yara ne, kuma da zarar alamu sun bayyana kusan babu mai tashi. Kaska a jikin mutum a kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali a miƙe, kada a matse ta da yatsa.

Zazzaɓin da ya zo cikin mako uku bayan feɗe dabba, shiga kogo, share ɗakin ɓeraye ko taya dabba haihuwa, musamman in an sha maganin zazzaɓin cizon sauro bai sauka ba, na asibiti ne. Ka faɗi abin da ka taɓa tun kafin a tambaye ka, domin alamun farko duk iri ɗaya ne, kuma wannan bayani shi ke sa likita ya sauya tunani ya kuma kare kansa. Mai jinya ya zama mutum ɗaya, kada ya taɓa jini ko amai ko gudawa da hannu tsirara. Annobar Ebola ta Afirka ta Yamma ta fara da yaro ƙarami a ƙauyen Meliandou na Gini a Disamba 2013. Sai a Maris 2014 aka tabbatar da ko mece ce. Cikin wata ukun nan ta bi masu jinya da masu jana'iza ta shiga garuruwa, ta ƙare da kama mutum sama da 28,000, ta kashe sama da 11,000.

Mataki na tara: yi magana kafin a kawo katafila

Duk abin da ya gabata gida ɗaya zai iya yi. Amma gida ɗaya ba ya hana a sare kurmi, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa mai neman itacen girki laifin da kamfanin katako da mai gonar dubban hekta suka fi shi yi. Tun 2022 hukumomin duniya huɗu, na lafiya da na abinci da na lafiyar dabbobi da na muhalli, suka haɗa kai a kan cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta muhalli abu ɗaya ce. A ƙasa, ma'anar wannan ita ce likitan mutane da likitan dabbobi da jami'in gandun daji na yanki su san lambar juna, su riƙa gaya wa juna abin da suka gani.

In an zo da aikin madatsa, hanya, haƙa ko babbar gona, jama'a su nemi a zauna da su, su yi tambayoyi a rubuce. Wane daji za a bari, kuma dunƙule za a bar shi ko gutsi-gutsi? Dunƙulallen daji ya fi riƙe masu farautar ɓera, bakinsa kuma ya fi gajarta. Ina ruwa zai kwanta, wa zai kula da sauro? Ma'aikata me za su ci, don kada su koma farautar namun daji? Akwai kogon jemagu a wurin? Wa zai riƙa gwada dabbobin yankin, sau nawa, kuma wa za a kira in sun fara ɓari?

A sa dashen itace cikin sharuɗɗan, amma irin itatuwan wurin na asali, waɗanda dabbobin daji ke ci, a dasa su nesa da gidaje da garke. Masu binciken Hendra sun lura cewa a shekarun da ragowar dazuzzukan suka yi fure sosai lokacin sanyi, jemagu kan bar gonaki su koma can, kamuwar dawaki kuma ta tsaya. Shi ya sa yanzu suke kira da a sake dasa itatuwan da ke fure a wannan lokaci na shekara, a wuraren da aka sare su.